Wasiƙar da Na Ce Na Ba Ta

Laraba, ƙarfe 4:20 na yamma

Zan rubuta abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama: ba na son Rediyo ta fi ni. Ba yau abin ya fara ba. Tun muna yara, in aka ɗinka mana kaya iri ɗaya, nata ake yabawa, sannan a waiwayo ni a ce, "Ke ma ya yi miki." Na tsani "ke ma" ɗin nan.

Rediyo 'yar Gwaggo ce, taubashiyata, wata huɗu na ba ta. Ni na sa mata sunan, don ba ta da wurin kashewa. Ita kuma ta sa min Kunkuru, wai da an yi sallama nake mai da kaina ciki. Wata uku ke nan ita da Gwaggo suna gidanmu, tun ranar da aka zo aka tafi da babanta daga shagonsa aka sa wa ƙofar kwaɗo. Ba a maganar a gabanmu. Ni ma ba zan yi ta a nan ba.

Ga dalilin da ya sa na ɗauko wannan littafin. Akwai wasiƙa a hannuna, kuma ba tawa ba ce.

Ajin Sifaniyanci nawa ne. Ni na gano shi, a bene, saman kantin magani, Talata da Alhamis. Shekara guda ina hawa matakalar nan ni kaɗai, ina tunanin ranar da wani dogo mai sanyin murya zai ɓata hanya a filin jirgi, ya rasa mai jin yarensa sai ni. Da su Gwaggo suka dawo gidanmu, Baba ya ce a sa Rediyo ita ma, kada ta zauna tana tunani. Cikin sati shida ta wuce kowa. Ba ta jin kunyar kuskure, sai ta yi ta zuba, har kuskuren ya gaji ya rabu da ita. Sai kuma aka mai da ranakun ziyarar inda ake tsare da babanta Talata da Alhamis, ta koma raka Gwaggo can da kular abinci. Sati uku ke nan kujerarta ba kowa.

Jiya da aka tashi, Sinyora, malamarmu, ta ce in tsaya. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da ake yi a littattafai. Na ɗauka ranata ce ta zo.

Ta ce, "An ba ni kujera ɗaya a babban aji, na ranar Asabar, kyauta har zuwa jarrabawar satifiket. Na zaɓi 'yar'uwarki. Lambar da ke fom ɗinta ba ta shiga."

Ta babanta ce. 

"Ki kai mata wannan. Ta zo da sa hannun mahaifiyarta kafin ƙarfe goma na Asabar ɗin ƙarshen wata. In ba ta zo ba, sai in ba mai bi mata."

Na san mai bi mata. Takardar maki tana kan tebur, kuma ni na iya karatu ko takarda na kallon wani.

Wasiƙar tana cikin littafin soyayyar nan mai yagaggen bango, daidai inda yarinyar ta suma a tashar mota. Rediyo ba ta taɓa littattafaina. Ta ce ba komai a ciki sai ƙarya da majina.

Ban ce ba zan ba ta ba. Jiya sun dawo a gajiye. Yau kuma tana wanki.

Alhamis, ƙarfe 6:05 na yamma

Yau ranar gwangwani ce. Sinyora tana da wani tsohon gwangwanin alewa cike da 'yan takardu a naɗe, kowace da kalmar aikatau ɗaya. Ka sa hannu ka zaro, wadda ta zo maka ita za ka zauna da ita sati uku. Takan ce aikatau kamar baƙo ne, sai ya kwana a gidanka kake sanin halinsa. Duk ranar aji kowa zai kawo jimla uku da kalmarsa, kuma dokarta ɗaya ce: sai jimlar gaskiya. "Kada ka ce min kana da mota in keke gare ka. Ƙarya ba ta zama a kai, gobe za ka manta yadda ka gina ta." Jimlar da ta fi kyau a sati, ta rubuta ta a kati ta manna a bango. Rediyo tana da kati biyar a bangon nan. Ni a shekara guda ko ɗaya.

Anti Nas, wadda ke zuwa aji daga asibiti da farin takalminta, ta zaro *dormir*, wato barci. Ta ce, "Sinyora, wannan baƙon ya daɗe da ƙaura daga gidana." Baba Mai Taya ya zaro *comer*, ci, ya shafa tumbinsa ya ce sun san juna.

Ni na zaro *dar*. Bayarwa.

Haruffa uku kacal. *Doy*, ina bayarwa. *Das*, kana bayarwa. *Da*, tana bayarwa. Duk hanya ina maimaitawa, kuma duk wanda na gifta sai in ga kamar ya san abin da ke cikin littafina.

Juma'a, ƙarfe 7:00 na safe

Ban ce ba zan ba ta ba. Akwai sauran sati biyu.

Lahadi, ƙarfe 2:30 na rana

Ina kan gado ina haddar darasi, Rediyo tana kwance a katifarta ta jingina ƙafafu da bango kamar ba budurwa ba.

"Kunkuru, wane baƙo kika samo?"

Na ce, "*Dar*."

Ta tashi zaune. "Ke? Ke da ko cingam sai kin raba shi huɗu? Gwangwanin nan ya san mutane."

Ta ce ba da hadda ake koyon wannan ba, da hannu ake koyonsa. Ta miƙo tafinta. "*Dame el peine*." Ba ni mataji. Na ba ta. "*Dame el espejo*." Na ba ta madubi. Filo, man shafawa, ɗankwalina, takalmin fita. Duk abin da na miƙa sai na ce *te lo doy*, na ba ki shi. Kafin minti goma ta tara kayana a gabanta kamar mai shirin buɗe shago, har Mama ta leƙo ta ce wa ke ƙaura. Na yi dariya ta gaske. Wannan ne abin haushi da Rediyo, ba ta barin mutum ya ƙi ta cikin kwanciyar hankali.

Sai ta nuna kan akwati. "*Dame ese libro*."

Littafin mai yagaggen bango.

Ban san lokacin da na dire daga gado na danne shi da hannu biyu ba. "*No te lo doy*."

Ta tafa hannu. "Kin gani? In dai rowa ce, harshenki ba ya sarƙewa. Riƙe abinki, kada saurayin ya tsere."

Ta ɗauki matajin ta fara tsefe kai, ta juya min baya. Can ta ce, da wata 'yar murya da ban san tana da ita ba, "Sinyora ta tambaye ni?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba."

Ta ce, "To."

Tunda nake da ita ban taɓa jin ta amsa magana da kalma ɗaya ba.

Talata, ƙarfe 6:15 na yamma

Ban shirya ba. Wallahi ban shirya ba.

Muna kan abin da ya wuce: *di*, na bayar, *diste*, kin bayar, *dio*, ya bayar. Sinyora tana zagaye tana jefa wa kowa tambaya da kalmarsa. Da ta iso kaina ta dafa teburina ta ce, "*¿Le diste la carta a tu prima?*" Kin ba 'yar'uwarki wasiƙar?

Kullum in aka tambaye ni sai na kalli ƙasa, na yi ta laluben kalmomi, har Anti Nas ta tausaya ta raɗa min. Yau kuwa amsar ta fito da kanta, sumul, kamar an shafa mata mai.

"*Sí, se la di*." I, na ba ta ita.

Sinyora ta tsaya. Ta ce in sake. Na sake. Ta juya ga aji ta ce ƙananan kalmomin nan biyu da ke gaban aikatau, *se* da *la*, mutane kan shekara biyu suna tuntuɓe da su, ga wadda ba ta magana ta jera su daidai ba tare da ta kalli takalminta ba. Ta rubuta a allo. Ta ce kowa ya faɗa.

Mutum goma sha huɗu, da murya ɗaya: *se la di*. Sau uku. Baba Mai Taya har da buga tebur.

Sannan ta ɗauko kati. Ta rubuta da jan biro, ta sa sunana a ƙasa, ta manna shi gefen na Rediyo.

Shekara guda ina mafarkin katin nan. Har na san irin murmushin da zan yi, ɗan kaɗan, kaina a sunkuye. Na yi shi kuwa. Ya fito yadda na tsara.

A bakin matakala ta tambaye ni da Hausa, "Me ta ce?"

Na ce, "Tana tunani."

Ta ce, "Ta yi tunani. Gidan da ke cikin irin wannan hali ba a matsa masa."

Laraba, ƙarfe 1:00 na rana

Ban ci abinci ba. Na ce wa Mama ciwon kai ne. Rediyo ta jiƙa tsumma ta ɗora min a goshi, tana ta ba ni labarin wata mata a layin ziyara da ke sayar da wurin tsayuwarta. Na rufe ido na yi kamar na yi barci.

Alhamis, ƙarfe 6:30 na yamma

Ashe *dar* ba kaya kaɗai yake miƙawa ba. Sinyora ta ce da shi suke ba da godiya, *dar las gracias*. Da shi suke ba da tsoro, *me da miedo*, yana ba ni tsoro, kamar dai mu. Har kunya a wurinsu ba ka ita ake yi, *me da vergüenza*. In abu bai dame ka ba, *me da igual*, duk ɗaya ne a wurina. Anti Nas ta ce wannan za ta rubuta a ƙofar ɗakinta saboda dangin miji.

Na tambayi ƙamus abin da ban iya tambayar Sinyora ba. *Envidia*. Ƙyashi. *Me da envidia*.

Na ji daɗin wannan. Ba ni na je na nemo shi ba ke nan, ba ni shi aka yi. Ita ta ba ni, da bakinta da ba ya gajiya, da katinta biyar, da yadda ko sannu ta ce sai ɗaki ya juyo.

Jimlolina na yau: magana a gaban mutane tana ba ni kunya. Karen maƙwabta yana ba ni tsoro. Ta ukun na rubuta ta da fensir, na kalle ta, na goge, na sa cewa Mama tana ba ni shayi da safe. Ita ma gaskiya ce.

A littattafai kishi yana da kyau. Yarinya ta tsaya a taga, hawaye ya gangaro, kuma akwai namiji a tsakiya wanda ya cancanci wahalar. Nawa ko namiji babu a ciki. Kujerar roba ce a bene.

Ina ta wucewa gaban katin nan kaina a ƙasa. Baba Mai Taya yanzu da ya gan ni sai ya ɗaga hula ya ce, "Malama Se-la-di."

Juma'a, ƙarfe 5:00 na yamma

Mayafin nan ruwan toka na Mama, wanda na roƙa tun bara ta ce sai na ƙara girma, yau na gan shi a kan Rediyo. Na bi Mama kicin na ce ai ni na fara tambaya.

Ba ta ko ɗago daga yankan albasa ba. Ta ce, "Ke kina da uba a gida."

Ban ce ba zan ba ta ba. Amma yau kam a'a.

Asabar, ƙarfe 11:40 na safe

Na buɗe.

Kowa ya fita, sai Gwaggo a ɗaki tana lazimi. Da farko ɗaga ambulan ɗin na yi a hasken taga. Sai na tuna yadda wata ta yi a wani littafi, ta kara wasiƙa a tururin buta ta buɗe ba alama. Ƙarya ne. Takardar ta jiƙe, tawadar sunan ta ɗan zube, bakin ya yage gefe guda. Marubutan nan ba sa gwada abin da suke rubutawa.

Fom ne, da takarda ɗaya da rubutun hannun Sinyora, duk da Sifaniyanci, don ta ce ba ta rubuta wa ɗalibi da yaren da ya riga ya iya. Awa guda na yi da ƙamus.

Baƙona yana ciki har sau uku. *Quiero darte esta plaza*, ina so in ba ki wannan gurbin. *Me da pena ver tu silla vacía*, ganin kujerarki ba kowa yana sa ni baƙin ciki. Ta ce a shekara goma sha ɗaya da take koyarwa, kunne irin na Rediyo sau biyu ta taɓa gani. Ta ce abin da ya faru a gida ba laifinta ba ne, kuma bene yana nan, ba ya tambayar kowa labarin ubansa.

Na bi layi-layi ina neman kaina. Na same ni a ƙarshe, ƙasa da sa hannu: *Tu prima te dará esta carta*. 'Yar'uwarki za ta ba ki wannan wasiƙar.

Shi ke nan. A kowane littafi akwai irina, ƙawar nan da ke kai saƙo ta dawo da amsa. Ba a faɗin kalar idonta. In an yi biki ita ke riƙe jaka.

Na mai da ita cikin ambulan ɗin. Ba ya rufuwa.

Litinin, ƙarfe 3:10 na rana

Tun safe suka fita, Baba da Gwaggo da Rediyo da lauyan nan mai baƙar jaka. Gwaggo ta sa kayanta masu kyau, har ta tafi da rigar mijinta a goge cikin leda, ko da za a ce ya biyo su.

Sun dawo da ledar.

Abin da na ji ta bayan labule kawai, "an ɗaga, sai bayan wata biyu." Baba ya shiga ɗaki ya rufe. Mama ta zuba abinci ta mayar.

Rediyo tana kwance ta fuskanci bango da takalmi a ƙafarta. Ɗakin shiru. Na karanta shafi arba'in ba wanda ya katse ni, kuma na ji daɗin shirun. Na rubuta don in ga yadda yake a takarda. Ba kyau.

Talata, ƙarfe 6:00 na yamma

Sinyora ba ta tambaya ba. Ta dai kalli kujerar, ta kalle ni. Na duƙufa a kan *damos*, muna bayarwa.

Laraba, ƙarfe 4:45 na yamma

Ina shanya a tsakar gida Rediyo ta fito da littafinta na Sifaniyanci, mai koren bango, wanda ta cika gefensa da zanen fuskar Baba Mai Taya. Ta sa min a cikin bokitin da ba ruwa.

"*Te lo doy*. Riƙe. Akwai jadawalin aikatau a baya, ya fi naki tsabta. Rubutunki kamar kaza ta bi ta kan siminti."

Na ce, "Ke fa?"

"Na gama. Mai shagon hoton takardu na bakin titi yana neman mai tsaya masa ranar Asabar. Na ce zan fara wannan satin."

Na ce ai ba a gama yare a wata biyu.

Ta ɗauki zanin Gwaggo ta taya ni matsewa, ita gefe ni gefe. Ta ce, "Kin san me nake yi a layin can? Awa uku a tsaye. In na ji kuka na tahowa sai in kama aikatau ɗaya in yi ta juya shi a kaina. Ni, kai, shi, mu, su. Kafin in gama guda goma an kira mu. Ran nan na gaya wa babana jimla ta cikin ragar wurin ziyara, ya ce me na ce, na ce cewa na yi ya rame. Ya ce to a gaya wa Turawan su ma sun rame." Ta yi dariya, sannan ta murɗa zanin da ƙarfi har ya kuɓuce min. "Na ɗauka dai za ta tambaya, ko sau ɗaya. Ko ta ce ina surutacciyar nan. Amma ba komai. Mutane suna jin labari, kowa ya ja jikinsa. *Me da igual*."

Ta faɗe shi daidai, da muryar da ta dace, da ɗaga kafaɗar da Sinyora ke yi. Ko a aji ba ta zo ranar da aka koya ba, a littafin darasina ta gani sau ɗaya.

Ko a wannan lokacin, Allah ya gani, abin da ya fara zuwa min shi ne: ta fi ni iya faɗa.

Alhamis, ƙarfe 6:20 na yamma

Sinyora ta sake cewa in tsaya. Wannan karon nawa ne.

Ba ambulan, ba wasiƙa. Fom ne kawai ta zaro daga aljihun tebur. Ta ce, "Tunda 'yar'uwarki shiru, ki sa mahaifinki ya sa hannu. Ki zo jibi kafin goma. In ba ta zo ba, kujerar taki ce." Ta miƙo min fom ɗin. "Kina da ƙoƙari. Kuma kwanan nan bakinki ya buɗe."

Kina da ƙoƙari. Ita kunnen da ake gani sau biyu a shekara goma sha ɗaya, ni ƙoƙari. "Ke ma ya yi miki" ne aka sa masa takalmi.

Na ce *gracias*. Na sauko. A matakala ta bakwai na zauna, inda ake jin warin kantin magani, na jira farin ciki ya zo. Mutane suna ta raɓa ni suna wucewa.

Juma'a, ƙarfe 7:30 na yamma

Na so in kai wa Baba fom ɗin a ɓoye, ya sa hannu a ɗakinsa. Amma Baba sati nawa bai ji labari mai daɗi ba. Ya fito da shi falo yana ɗagawa kamar tuta.

"Ku zo ku ga. Kujera ɗaya a duk makarantar, kyauta, kuma 'yata aka zaɓa. Ashe shirun nan ba na banza ba ne."

Mama ta rungume ni, tana warin albasa. Gwaggo ta ce Allah ya sa albarka, ta shafa kaina, hannunta ba nauyi kamar takarda.

Rediyo ta karɓi fom ɗin ta karanta har ƙasa. Na ga inda idonta ya tsaya: ranar Asabar. Ba Talata ba, ba Alhamis ba. Ta daɗe a kan layin nan. 

Sai ta ɗago ta ce, "Kawu, ka ga aikina? Ni na horar da ita. Kunkuru ta riga zomo." Kowa ya yi dariya, har Gwaggo. Ta ce min, "Me za ki sa? Kada ki je min babban aji da rigar nan mai kama da labule." Ta buɗe akwatina ta zaɓo shuɗiyar, ta ɗora mayafin ruwan toka a kai. "Aro ne, ba *dar* ba. Ki dawo min da shi."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Asabar, ƙarfe 6:50 na safe

An kawo wuta. Rediyo tana falo tana goge min shuɗiyar riga, ina jin ƙamshin zafin dutsen guga daga nan, tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Ƙarfe tara za ta fara a shagon hoton takardu. Ƙarfe takwas Gwaggo za ta fita kasuwa, kuma ba sa hannun da zai yi sai nata.

Na yi tunanin sayo sabon ambulan in ce jiya aka ba ni. Amma akwai kwanan wata a saman wasiƙar. Na yi tunanin in ce mantawa na yi. Amma da ta hau benen za ta ga kati a bango da jan biro, da sunana a ƙasa, kuma ta fi kowa sanin abin da *se la di* ke nufi. Ba hanyar da zan ba ta in fita da fuskata. Baba zai sani. Sinyora za ta cire katin da hannunta, ko kuma ta bar shi, ban san wanne ya fi muni ba.

Kada in yi wa littafin nan ƙarya shi ma: har yanzu ba na so ta samu. Na duba zuciyata da safen nan ko ta wanke cikin dare kamar yadda ake yi a babin ƙarshe. Tana nan yadda take. In ta zauna a kujerar nan zai ci ni, kowace Asabar, wataƙila har mu tsufa.

Amma tana can tana tunanin ba wanda ya tambaye ta. An tambaye ta. Sau uku, da rubutun hannu.

Na ciro wasiƙar daga littafin. A yagaggen ambulan ɗinta zan miƙa, yadda take, in tsaya a wurin har ta gama karantawa. Ba za ta buƙaci ƙamus ba.

Zan dai jira ta ajiye dutsen gugar tukuna.